Majami'u bakwai a gari ɗaya: ta ina haɗin kan Kirista zai fara?

Tambaya: Wani magatakardan ikilisiya ya rubuto cewa a garinsu akwai majami'u bakwai: Katolika, Anglican, ECWA, COCIN, Baptist, da na Fentikos guda biyu. Sun daɗe ba su yi taron addu'a na haɗin gwiwa ba, domin na ƙarshe ya watse a kan baiko da kuma wanda zai yi wa'azi. Ɗaya daga cikin majami'un ma ta dare gida biyu. Ya ce, "Yesu ya yi addu'a mu zama ɗaya. Shin sai mun narke mun zama ɗariƙa guda? In ba haka ba, ta ina za mu fara?"

Amsa: Ɗan'uwa magatakarda, ba sai kun narke ba. In kuka kafa wannan sharaɗi, sai ku tsufa ba ku zauna inuwa ɗaya ba. A Afisawa 4:4-6 Bulus ya jera abubuwa bakwai da masu bi suka yi tarayya a kai: jiki ɗaya, Ruhu ɗaya, bege ɗaya, Ubangiji ɗaya, bangaskiya ɗaya, baftisma ɗaya, Allah ɗaya Uban kowa. Ba hedikwata a jerin, ba asusu, ba tsarin sujada. Manzannin kansu sun saɓa. Bulus ya tsawata wa Bitrus ido da ido a Antakiya, ya kuma rabu da Barnaba saboda Markus har kowa ya kama gabansa, amma a 2 Timoti 4:11 shi ne da bakinsa ya ce a kawo masa Markus, don yana da amfani a gare shi.

Ka lura da abin da ya watsa taronku: baiko da mumbari. Ba wanda ya tashi ya yi musun tashin Yesu daga matattu. A ganina haka yawancin rigingimun majami'u suke a ƙasar nan. Kuɗi ne, kujera ce, ƙabila ce, daga baya a nemo aya a lulluɓe. Irin wannan cuta ba wa'azin ƙauna kaɗai take so ba, tana son tsari a rubuce.

Yana da kyau mutanenku su san yadda aka yi ɗariƙun nan suka zo. Mishan ɗin SIM ya shigo a 1893, daga aikinsa ECWA ta fito a 1954. Karl Kumm da abokansa na SUM sun sauka Wase a 1904, nan ne tushen COCIN. Reshen SUM na ƙasar Denmak ya kama aiki a Numan a 1913, shi ya haifi LCCN ta 'yan Lutheran. 'Yan mishan na Church of the Brethren sun fara a Garkida a 1923, su ne asalin EYN. A ƙasar Tiv 'yan mishan daga Afirka ta Kudu ne suka fara a 1911, aka samu NKST. Waɗannan mishan-mishan sun raba ƙasa a tsakaninsu don kada su riƙa taka sawun juna. Saboda haka mutumin Bachama ya zama ɗan Lutheran ba don kakansa ya zauna ya auna koyarwar Luther da ta waninsa ba, sai don su ne suka iso Numan. Da aiki ya kwaso mutane zuwa Kaduna da Kano da Jos, kowa ya tafi da majami'ar gida, sai sunan ɗariƙa ya koma tamkar sunan ƙabila. Wanda ya san wannan ba zai yi saurin cewa ɗariƙar maƙwabcinsa ɓata ce ba.

An gwada hanyoyi biyu a Nijeriya, kuma sakamakonsu ya isa darasi. Anglican da Methodist da Presbyterian sun shafe shekaru suna shirin zama ikilisiya guda, har aka sa ranar biki a watan Disamba 1965. Ana dab da ranar wasu majami'un Methodist na Legas suka garzaya kotu a kan dukiya, aka ɗage, sai juyin mulkin Janairu 1966 da yaƙin basasa suka binne maganar. Hanya ta biyu ita ce ta TEKAN, wato Tarayyar Ekklisiyoyin Kristi a Nijeriya, wadda aka kafa a 1955 da sunan Tarayyar Ekklisiyoyin Kristi a Sudan. Ba ta haɗe kowa ba. LCCN tana yi wa jarirai baftisma. COCIN sai mutum ya girma ya shaida bangaskiya. EYN tana nutsar da mutum sau uku, tana kuma wankin ƙafa. Duk suna cikin tarayya ɗaya, fastocinsu da dama sun yi karatu aji ɗaya a kwalejin tauhidi ta TCNN da ke Bukuru, kuma tarayyar tana nan har yau. Irin wannan ce za ta yi muku.

Kafin ku zauna, ku tantance saɓanin, don ba nauyinsu ɗaya ba. Akwai abin da in babu shi babu Kiristanci: Allah ɗaya, Uba da Ɗa da Ruhu Mai Tsarki, Yesu cikakken Allah kuma cikakken mutum, mutuwarsa da tashinsa, Littafi Mai Tsarki maganar Allah. Yawancinsa shi ne abin da majalisar Nikiya ta 325 da ta Konstantinoful ta 381 suka tsara, yawancinsa kuma yana cikin Shaidar Bangaskiyar Manzanni. Majami'unku bakwai duk za su sa hannu a kansa. Ƙungiyar da ta ƙi wannan tana da haƙƙin maƙwabtaka, a gaisa, a je mata jaje, amma ba a haɗa sujada da ita.

Sai kuma abubuwan da ke hana mutane zama majami'a ɗaya ba tare da sun fitar da kowa daga bangaskiya ba: baftismar jarirai, ma'anar Jibin Ubangiji, ikon bishof da na Fafaroma, naɗa mata fasto, magana da harsuna. Waɗannan manya ne, kada a raina su, kada kuma a yi zaton za a gama da su a taron ranar Asabar. A Marburg a 1529 Luther da Zwingli, jagororin gyaran ikilisiya, sun daidaita a kan batutuwa 14 cikin 15, na ƙarshen, wato Jibin Ubangiji, ya gagara. Katolika da Lutheran ba su sa hannu a kan matsaya ɗaya game da barata ta wurin bangaskiya ba sai a Augsburg a 1999, shekara 482 bayan Luther ya fara gyaran ikilisiya a 1517. Ku bar wa majalisun ɗariƙu wannan aiki.

Ragowar su ne irin na Romawa 14: ganga da rawa, ɗankwali, wando ga mata, tsawon wa'azi, addu'a da ƙarfi ko a natse. Ɓarnar da aka fi yi ita ce a ɗauki ɗaya daga cikin waɗannan a ɗora shi a matsayin sharaɗin ceto. Batun giya yana nan kusa. ECWA da COCIN da 'yan Fentikos suna hana ta gaba ɗaya, Katolika buguwa take hanawa. Ba sai an yi muhawara ba: Romawa 14:21 ta isa a ce babu giya a duk wani cin abinci na haɗin gwiwa.

To, ga yadda za a taso da abin. Kada ku fara da babban taro. Fastocin bakwai su riƙa haɗuwa sau ɗaya a wata, gida-gida, a ci abinci a yi addu'a, ba tare da ajanda ba, kamar wata uku. Fasto ba ya iya zagin wanda ya ci tuwon gidansa makon jiya a kan mumbari, ko ya yi ma da nauyin baki. Bayan nan a faɗaɗa: kowace majami'a ta turo fasto, dattijo ɗaya, da mace ɗaya daga Zumuntar Mata, mutum 21 ke nan. Kada a bar matan a baya. Su ne suka riga kowa haɗuwa a gidan biki da gidan makoki, kuma sun fi maza sanin ainihin abin da ya ɓata ran wa.

Aikin farko na wannan kwamiti shi ne tsohon baikon nan. Kada a ce a bar kaza cikin gashinta. A fito da shi fili: nawa aka tara, wa ya ƙirga, ina ya tafi. In yana hannun wani, ya dawo da shi ko da kaɗan-kaɗan ne. In babu rubutu kuma ba a iya gano komai, a faɗi haka a gaban kowa, waɗanda suka riƙe kuɗin su nemi gafarar rashin lissafi, a rubuta cewa an rufe maganar. In aka tsallake wannan, duk naira da aka tara nan gaba da zargi za a dube ta.

Daga nan a rubuta yarjejeniya, shafi ɗaya ko biyu, kowa ya sa hannu. A jefa ƙuri'a sau ɗaya a fitar da jerin masu karɓar baƙi da jerin masu wa'azi na zagaye gaba ɗaya, bakwai ɗin duka, don kada a riƙa sabon ciniki kowace shekara. Majami'ar da ta karɓi baƙi ba ita ke wa'azi ba. A ba mai wa'azi minti 30, a kuma tuna cewa in akwai tafinta tsakanin Hausa da Turanci lokacin ninkuwa yake yi. Kwamiti ne zai zaɓi nassin tun da wuri, daga littattafai 66 da kowa ya yarda da su, tunda na Katolika 73 ne. Ba habaici ga wata ɗariƙa. Ba a yin taron da safiyar Lahadi, don zai taɓa sujada da baikon kowa. Makon addu'a domin haɗin kan Kirista, 18 zuwa 25 ga Janairu, lokaci ne mai kyau: an gama girbi, ba ruwan sama, kuma Katolika da Anglican sun riga sun san shi.

A cikin sujadar kowa zai ajiye wani abu nasa a ƙofa. Ɗan Katolika ba zai jagoranci addu'ar gaisuwar Maryamu ba, ɗan Fentikos ba zai yi harsuna a makirufo ba. Abin da ya rage yana da yawa: karatun nassi, Zabura, waƙoƙin Hausa da kowa ya tashi da su, Shaidar Bangaskiya, Addu'ar Ubangiji. Ko a nan akwai ɗan tuntuɓe. 'Yan Katolika sun saba tsayawa a "ka cece mu daga mugun," sauran kuma su zarce da "gama mulki da iko da ɗaukaka naka ne." A buga addu'ar a takardar shiri, shi ke nan. Kada a yi Jibin Ubangiji. Dokar Katolika ba ta buɗe teburinta ga kowa ba, ba ta kuma yarda 'ya'yanta su karɓa a wurin fasto ba, wasu majami'un kuma sai wanda aka nutsar. In aka kawo gurasa da ƙoƙo, rabin mutane za su zauna suna kallo, taron da aka kira don haɗin kai sai ya nuna rabuwar ƙarara. In an yi kiran tuba, a tambayi duk wanda ya fito wace majami'a yake zuwa, a miƙa sunansa ga fastonta. Wanda ba shi da ko ɗaya shi zai zaɓa. Mai wa'azin da ya kwashe sunayen ya kai majami'arsa ya kashe taron baɗi.

Baiko kuwa, a faɗi abin da za a yi da shi kafin a zagaya da kwano: kuɗin asibitin wasu marasa hali, ko gwauraye, ko 'yan gidan yari. Mutum uku daga majami'u uku su ƙirga nan take, ban da mai masauki, su rubuta su sa hannu, a sanar da adadin kafin a sa albarka. In za a buɗe asusun banki, masu sa hannu su zama uku daga ɗariƙu dabam-dabam, kuma kuɗi ba ya fita sai da hannu biyu. Ga ƙaramin gari ma gara kada a ajiye komai: a kashe shi a kan abin da aka ambata cikin mako biyu, a kawo rasit. Hayar rumfa da kujeru da man janareta a raba wa majami'u gwargwadon yawan jama'arsu, kada a taɓa baiko. Mai wa'azi kuɗin mota kawai, adadi ɗaya ga kowa, bishof ne ko mai bishara.

Duba Ayyukan Manzanni 6. Masu jin Helenanci sun yi gunaguni cewa ana tsallake gwaurayensu a rabon abinci. Manzanni ba su ce musu ku yi haƙuri, mu duka ɗaya ne ba. Sun sa an zaɓi mutum bakwai, kuma dukansu, daga Istifanas da Filibus har na ƙarshe, sunayen Helenanci gare su. Wato an damƙa rabon a hannun ɓangaren da ya yi kuka. In ƙananan majami'unku suna ganin manya sun danne su, ma'aji ya fito daga cikinsu.

Abin da ke cin zumunci a hankali, ba tare da hayaniya ba, shi ne sauya majami'a. Ba mai iya hana mutum tafiya inda yake so. Amma fastoci su yi alkawari cewa duk wanda ya zo daga maƙwabta za a nemi takardar shaida, ko aƙalla a buga waya. Dalili shi ne horo. Mutum ya yi laifi an dakatar da shi daga Jibi, mako biyu sai a gan shi yana jan waƙa a majami'ar tsallaken titi. Daga ranar horo ya mutu a garin, don kowane fasto zai ji tsoron tsawata wa mai kuɗi. Maimaita baftisma ya fi wannan zafi. Ga Baptist ko ECWA, wanda aka yayyafa wa ruwa yana jariri bai yi baftisma ba tukuna. Ga Anglican da Katolika, sake ta musun wadda aka riga aka yi ne. Ba za ku sasanta wannan ba. Abin da za ku iya shi ne a daina ba irin wannan mutum makirufo ya ce "yau na zama Kirista," alhali iyayensa suna majami'ar da ya baro. Game da aure tsakanin ɗariƙu, fastocin biyu su zauna da saurayi da budurwa tun kafin a sa rana. In ɗayansu Katolika ne, ana bukatar izinin bishof, kuma shi ɗan Katolikan zai yi alkawarin iya ƙoƙarinsa ya rene 'ya'ya a Katolika, a kuma sanar da ɗayan. Gara a ji wannan kafin a kai kaya, ba ranar da aka haifi ɗan fari ba.

Yanzu majami'ar da ta dare. Kada kwamitinku ya yi gaggawar ba wani ɓangare kujera, don yin haka hukunci ne. Ku bar kujerar a buɗe, ko ɓangarorin biyu su zauna a matsayin 'yan kallo. Hurumin shari'ar na majalisar ɗariƙarsu ne, ku masu shiga tsakani ne kawai, kuma sai in duka biyun sun yarda. A zaɓi mutum uku da ba su da dangi ko suruki a ciki, su saurari kowane ɓangare shi kaɗai, su sa ya rubuta kokensa. Sau da yawa abin da aka rubuta ya sha bamban da abin da ake faɗa a kasuwa: canjin fasto ne, ko zaɓen dattawa da ƙabila ɗaya ta cinye, ko kuɗin gini. Kafin a kai ga sulhu a yi tsarin wucin gadi. A dakatar da cire kuɗi sai albashi da kuɗin wuta. A kawo mai binciken kuɗi daga waje. In ginin ɗaya ne, a raba lokaci, waɗannan ƙarfe 7 zuwa 9:30, waɗancan 10:30 zuwa 1, da tazarar awa guda don kada a haɗu a ƙofa, mabuɗi kuma a hannun wanda duka suka amince da shi. Kowa ya janye matasansa daga Facebook da WhatsApp a kan batun. Abin da aka faɗa da baki ana iya musunsa ko a manta, wanda aka rubuta kuwa ana ajiye hotonsa.

Ba kullum ake komawa gida ɗaya ba. A yankin Takum ikilisiya ta rabu a 1973, Kutep suka fita daga wadda ake kira CRCN yau suka kafa tasu, RCCN, alhali koyarwarsu ɗaya. Ba su sake haɗewa ba, amma dukansu suna cikin TEKAN. Rabuwar da aka yi rabon kaya cikin lumana ta fi zaman dole. Abin gudu shi ne irin wanda ya faru da United Methodist bayan babban taronsu na duniya a Amurka a 2024, wanda ya cire haramcin da ya shafi masu auren jinsi. A Nijeriya wasu suka koma Global Methodist, wasu suka tsaya, duka ɓangarorin kuma suna cewa aure na namiji da mace ne. Amma rigimar ta koma kan gine-gine da filaye a Taraba, har aka yi asarar rayuka a yankin Karim Lamido. Shi ya sa nake matsa wa kowane magatakarda ya duba takardun filin majami'arsa yau, tun ana ga-maciji da juna, kafin a fara rigima. Filaye da yawa kyauta ce ta baki daga wani dattijo da ya rasu. A rubuta, magada da mai unguwa su sa hannu, a sa sunan amintattun ɗariƙa masu rajista, ba sunan fasto ko na wani mai hali ba. Bulus ya ce a 1 Korintiyawa 6:7 kai ƙarar juna ma kanta hasara ce. Ban da wannan, shari'ar fili tana iya cin shekaru, wani lokaci hukuma ta garƙame ginin, kowa ya koma sujada a ajin makaranta.

Siyasa ma ku yi mata shinge. An kafa ƙungiyar Kiristocin Nijeriya, CAN, a 1976, tana da rukunai biyar a yau: Katolika, CCN (su Anglican da Methodist da Baptist), Fentikos, OAIC (majami'un da 'yan Afirka suka kafa), da TEKAN/ECWA, kuma za ku iya bin wannan tsari wajen karɓa-karɓar shugabanci. Amma ko a matakin ƙasa Katolika ta taɓa janye jiki na wani lokaci saboda ganin shugabancin ya kusanci gwamnati fiye da kima. A garinku, ɗan takara ya zo ya zauna kamar kowa, ba a ba shi makirufo. In ya ba da kyauta, a faɗi adadin a gaban kwamiti a rubuta. Ambulan da aka ba shugaba shi kaɗai a mota, ko ta alheri ce, sai ta zama magana.

Wataƙila cikin bakwai ɗin wani fasto zai ce lamirinsa bai ba shi ya yi sujada tare da wata ɗariƙa ba. Kada a tilasta masa, kada kuma a yi wa'azi a kansa. Taron ikilisiyoyi da aka yi a Lund ta ƙasar Sweden a 1952 ya ba da ma'auni mai amfani: a yi komai tare, sai abin da bambancin imani mai zurfi ya tilasta a yi dabam. Wanda ba zai zo addu'a ba zai iya zuwa aikin katange maƙabarta, ko gyaran rijiyar burtsatse, ko neman malamin darasin addinin Kirista a makarantar gwamnati, ko zama da limaman gari da hakimi in hankali ya tashi. A ci gaba da aika masa takardar gayyata da bayanin taro da lissafin kuɗi kowane wata, ko bai amsa ba, a kuma sa majami'arsa cikin rabon duk wani taimako da ya shigo.